Safi Mai Banda da Binciken Likita Atiku

A Lolo, a shekarun da Turawa ke haramar tafiya, duk wanda ya shiga kasuwa neman kifi banda sai a nuna masa rumfar Safi. 'Yar Kaoje ce, ubanta masunci ne Badende, uwarta Bahaushiya, don haka ta tashi da harshe biyu a baki, kuma da kowannensu tana iya ciniki, tana iya faɗa. Aure ne ya kawo ta Lolo, gidan Hamani, manomin shinkafa mai ɗan kwalekwale da yake taɓa kamun kifi da shi idan aikin gona ya lafa. Shi mutum ne mai sanyi, ba ya son hayaniya. Ita kuwa duk inda ta zauna sai an san ta zauna. Cikin 'ya'yan da suka haifa Fatimata kaɗai ta rayu.

Da safe Safi takan sauka bakin Kwara ta sayi ɗanyen kifi, ta gyara shi, ta naɗe tarwaɗa, ta jera bisa murhu ta sa masa hayaƙi. Ranar kasuwa ta baje a Lolo. Sauran ranaku ta ɗora kwando a ka ta bi hanyar ƙafa zuwa Madekali, cikin ƙasar Dahome. Iyakar ba ta dame ta ba, domin mutanen can harshensu ɗaya da na ubanta, kuma akwai gidajen da idan ta shiga ba ta fita sai ta ci abinci.

Akwai wani ciwo da ya zauna wa mutanen bakin kogin nan tun kaka da kakanni, har sun daina lissafa shi cikin ciwo. Ƙaiƙayi ne mai hana sukuni, sai ka ga babban mutum yana susa da totuwa har fatarsa ta yi kaushi. Daga nan ƙullutu ya fito a ƙugu ko a haƙarƙari. Wasu kuma idan shekaru suka ja sai ganinsu ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Uban Safi da makanta ya mutu. Ita ma tana da ƙaiƙayin, tana da ƙullutu biyu a ƙugu, amma idanunta garau suke. Daga bakin rumfarta takan gane kwalekwalen mijinta tun yana tsakiyar ruwa.

Bayan an yi bikin samun mulkin kai, an gama yankan shinkafar shekarar, sai ga wata mota ta shigo gari da akwatuna da tanti. Mutanen gari sun saba idan an ce likita su ga Bature. Wannan kuwa baƙin mutum ne siriri mai tabarau, sunansa Atiku, ɗan wajen Jega, wanda ya yi shekaru a Ingila yana karatun yadda magani ke aiki a jikin ɗan Adam. Ya sauka ƙofar maigari ya tuɓe takalmi ya yi gaisuwa, da lokacin azahar ya yi ya bi jam'i. Hausarsa irin tasu ce, ba ta canza ba.

Da aka tara jama'a ya yi musu bayani. Ya ce wata ƙaramar tsutsa ce ke shiga jiki ta cizon ɗan baƙin ƙudan nan na bakin ruwa, ita ke kawo ƙaiƙayin, ita ke kai wa ga ido. Ya ce akwai magani, ƙwaya da allura, amma har yanzu masana ba su daidaita a kan yawan da ya kamata a ba mutum ba, shi ne ya zo ya gwada a nan. Maza kowa yana kallon ƙasa. Daga can baya inda mata suka tsaya, Safi ta ɗaga murya.

"Likita, wanga magani, kai ka taɓa shan shi?"

Mutane suka yi dariya. Shi ma ya murmusa ya ce, "Ni ba ni da ciwon, Safi ko? To amma an ba mutane a wasu ƙasashe sun ji sauƙi. Ni ɗan ƙasar ga ne. Ban ƙetare teku na komo don in cuci 'yan'uwana ba."

Maganar nan ta shige ta. Ta tuna ubanta zaune a zaure yana laluben butar alwala. A ranar ta gaya wa Hamani ita za ta sha. Ya ce ta dakata a ga yadda zai yi wa wasu, ta ce idan kowa ya dakata wa zai fara. Ba ta tsaya a kanta ba. Ta bi gida gida tana zuga mata, ta tafi Madekali da kwandonta ta dawo da mata shida a bayanta. Likitan da bakinsa ya ce ba don ita ba da ya naɗe tantinsa ya koma.

Ranar farawa aka yi layi a gaban tanti. Safi da maƙwabciyarta Kubura, mai tuyar ƙosai, suka iso tare, suna ture juna cikin raha kan wa za ta shiga gaba. Safi ta ce ita ta tara taron, ita ce ta fari. Ma'aikacin likita yana raba kati yana bin layi, ja ga wannan, shuɗi ga na bayansa, ja, shuɗi, har ƙarshe. Safi ta sami ja, Kubura ta sami shuɗi. Ba wanda ya gaya musu bambancin, su ma ba su tambaya ba. Sai daga baya aka gane masu jan kati ana ba su maganin da yawa, masu shuɗi kuma kaɗan kaɗan.

Kwana na fari da shan ƙwayar jikin Safi ya kama ƙaiƙayin da ba ta taɓa jin irinsa ba. Fuska ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, gaɓoɓi suka riƙe. Hamani ya je ya kira likita. Ya zo har ɗaki, ya auna zafin jikinta, ya haska idonta da 'yar fitila, ya rubuta. Ya ce tsutsar ce ke mutuwa, alama ce mai kyau, ta daure. Ta daure. Duk mako ta je a soka mata allura a jijiyar hannu, a ɗebi jininta, a tsinke 'yar fata daga ƙugunta a sa a kwalba. Sau da yawa likitan yakan sa ta buɗe ido da kyau ya ɗauki hoto.

Da aka yi nisa sai idanun suka kaɗa suka yi ja, hasken rana ya zama abin gudu. Wata safiya ta fito tsakar gida ta ga komai ya yi dishi dishi, ta ɗauka hayaƙin murhu ne, ta ce wa Fatimata ta rage itace. Fatimata ta ce ai ba a hura wuta ba tukuna.

Ta tafi tanti ta ce, "Likita, a bar ni haka nan. Idona na tafiya."

Ya daɗe yana duba ta. Ya ce kumburi ne, zai sauka, saura kaɗan a kammala, idan ta bari yanzu wahalar da ta sha ta tafi a banza. Ba ƙarya ya yi mata da gangan ba, abin da ya yi imani da shi ke nan a ranar. Ta miƙa hannu aka yi mata allurar. Bayan mako biyu, da masu jan kati suka yi ta zuwa da kuka iri ɗaya, ya tsayar da nasu maganin gaba ɗaya. Ya raba musu maganin ɗigawa a ido. Mutane sun lura ya rame, ya daina zama hira ƙofar maigari. Kafin ruwan farko ya ɓata hanya ya ɗaure akwatunansa, ya ce zai dawo bayan damina.

Bai dawo ba. Ganin Safi ya yi ta janyewa daga gefe, kamar mai leƙe ta cikin kara, har abin da ya rage ya zama ɗan haske da take bambance dare da rana da shi. Kafin wata daminar hasken ma ya tafi. Shekarunta ba su wuce talatin da 'yan kai ba.

Masu jan kati ba duka suka makance ba. Wasu ganinsu ya ragu kawai, wasu ido ɗaya ya mutu. Waɗanda suka rasa duka biyun ba su da yawa, amma a cikinsu akwai wata yarinyar mace daga Madekali, ɗaya daga cikin shidan da Safi ta jawo. Mijin matar ya tako har Lolo, ya tsaya ƙofar gidan Hamani ya yi ta zagi da Dendanci, yana cewa nawa aka ba Safi ta sayar da idon matarsa. Hamani ya fita yana ba shi haƙuri. Safi tana daga ciki tana ji, bakin nan nata da ba ya barin ko-ta-kwana ya kasa buɗewa. Tun daga ranar ba ta sake taka ƙasar Dahome ba, kuma gidajen da take cin abinci a can ba wanda ya aiko gaishe ta.

Masu shuɗin kati kuwa sun warke. Ƙaiƙayi ya tafi, fata ta yi laushi. Kubura ta yi ƙiba, ta yi kyau. Mace ce mai kirki, kullum sai ta aiko da ƙosai, ta shigo ta taya shara, ta ja hannun Safi zuwa gidan suna ko gidan gaisuwa. Wannan kirkin ya fi komai ci wa Safi rai. Wata rana Kubura ta ce, "Wallahi da na sani da na riga ki shiga layin nan." Safi ta ce, "Da kin riga ni, da yanzu ni ke kawo miki ƙosai ina faɗin haka." Kubura ta fita tana share hawaye, washegari kuma ta sake aikowa.

Safi ba ta bar sana'a ba. Hamani ne ya koma sayo mata kifi, ko da yake masunta sun gane ba ya iya musu, suna tura masa wanda ya kwana. Ita takan zauna gaban murhu ta juya kifin da hannu, ta gane wanda ya yi ta taɓi da ƙanshi. Yatsunta suka cika da tabon ƙuna. Ranar kasuwa Fatimata ta kai ta rumfa ta zaunar. Ciniki ya ragu, domin rabin masu sayenta dā mutanen ƙetare ne. Hamani bai taɓa ce mata ai na gaya miki ba. Ta so ya faɗa ko sau ɗaya, ta sami wanda za ta yi faɗa da shi.

Shekaru suka shuɗe, aka aurar da Fatimata a nan cikin gari. Wata ranar kasuwa Safi na zaune, rediyon mai shayin da ke kusa da rumfarta yana ta magana, sai ta ji wata murya. Hausar ta sauya, ta koma irin ta mutanen Kaduna, amma muryar ba ta ɓace mata ba. Ta ce a ƙara sauti. Mai tambaya yana kiransa shehun malami, yana cewa ƙasa na alfahari da shi. Likita Atiku ya ce ya buga takardun bincike masu yawa, amma wadda ta fi fice ita ce ta aikin da ya yi a wani gari na bakin Kwara, kusa da iyaka. Ya ce masana ɗaruruwa sun ambace ta a nasu rubutun, daga Ingila har Amurka.

Malam Ma'azu, malamin makarantar elementare, yana kan benci yana shan shayi. Safi ta juya inda ta ji muryarsa.

"Malam, mi a ambato? Mi sunka ambata?"

Ya ajiye kofi ya yi mata bayani a hankali. Ya ce su masu bincike, idan mutum ya gano wani abu sai ya rubuta a buga a mujallar masana. Duk wanda ya zo daga baya zai yi rubutu a kan wannan ciwo ko wannan magani, dole ya kawo sunan na farko, ya ce wane ne ya gano kaza. Ana ƙirga waɗannan ambaton. Wanda aka fi ambata shi ne babba, shi ake ƙara wa girma, shi ake gayyata ƙasashe.

"To shi mi ya gano?"

Malam Ma'azu ya ce, "Yadda na karanta a jarida, ya gano cewa idan aka ba da maganin da yawa lokaci guda, yana kashe jijiyar ido."

Safi ta ce, "Ashe." Wata mata ta zo tana taya kifi, ta sallama mata a yadda ta taya, abin da ba ta taɓa yi ba.

Bayan wannan da kamar shekara, aka ce likita ya dawo. Wannan karon motoci biyu ne, da Turawa biyu, namiji da mace. Maigari ya aika a tara duk waɗanda suka sha magani a wancan karon. Safi ta ce ba ta zuwa. Da la'asar sai ga sallama a ƙofar gida, Hamani ya shigo da sauri yana cewa ga likita da kansa. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Safi ta ji takun mutumin ya yi nauyi, ta ji ƙanshin turare, ta ji ya durƙusa kusa da ita.

"Inna Safi, mun same ku lafiya?"

"Dā Safi kake ce mini. Yanzu na zama Inna?"

Ya ce ya daɗe yana son zuwa, aiki ne ya yi yawa. Ya ce bai manta da ita ba ko rana ɗaya. Ya ce ya zo da takardar da aka buga, akwai hoton idonta a ciki. Ta miƙa hannu ya sa mata. Ta shafa, takarda ce mai santsi, ba ta da kauri.

"Karanta mini inda anka yi maganata."

Ya karɓa ya juya shafi, yana fassarawa yana tsayawa. Mace, mai kimanin shekara talatin, mai sayar da kifi. Kafin magani ganinta cikakke ne. A mako na kaza ta yi kukan raguwar gani. An ci gaba da magani. Bayan haka jijiyar ido ta shiga lalacewa a duka ɓangarorin.

"An ci gaba da magani," Safi ta maimaita. "Wa ya ci gaba?"

"Ni ne."

"To don mi ba ka rubuta haka ba?"

"Haka ake rubuta irin wannan takarda, Inna. Ba a cewa ni."

"Sunana fa?"

"Ba a sa sunan majiyyaci. Don a rufa masa asiri ne."

Ta yi wata 'yar dariya. Ta ce duk Lolo da Madekali ba wanda bai san asirinta ba, can inda ba a san ta ba ne aka rufa shi.

Likitan ya gyara zama. Ya ce yana so ta san abu ɗaya. Tun da takardar nan ta fita, babu likitan da ke ba da maganin yadda aka ba ta. A ƙasashe da yawa an sauya tsari, ana farawa da kaɗan. Ya ce mutanen da idonsu ya tsira saboda abin da aka gani a idonta, Allah kaɗai ya san yawansu. Safi ta ji a ranta gaskiya yake faɗi. Hamani daga gefe yana cewa Allah sarki, Allah ya sa kaffara ce.

"Likita, in tambaye ka. Da maganin nan ya warkar da mu duka, ja da shuɗi, kowa ya koma gida da idonsa, da masanan nan sun ambace ka haka?"

Kaji suna ta tsattsaga a gefen tabarma. Can ya ce, "A'a. Da ba su ambata haka ba."

"Na gode da ba ka yi mini ƙarya ba."

Hamani ya matso ya tambaya ko akwai abin da za a iya yi yanzu, ko a birni, ko aiki ne a yi mata. Likita ya ce jijiyar da ta mutu ba ta tashi, ko a Ingila. Safi ta ce to tun da ya san haka, me ya kawo shi da baƙi. Ya ce suna so su sake duba duk waɗanda aka yi wa magani, a ga yadda idanun suka kasance bayan shekaru. Baƙin nan sun taso daga nesa, kuma nata idon suka fi son gani, domin shi ne a hoto. Haske kawai za a yi, da hoto ɗaya, ba allura, ba ƙwaya.

"A sake bugawa."

"Za a buga, i."

Safi ta jawo gyalenta ta rufe fuska har haɓa. Ta ce, "Na ba ka sau ɗaya. Maigida, raka baƙonka."

Hamani ya roƙe ta, ya ce babban mutum ne ya tako har gida, maigari zai ji ba daɗi. Ba ta motsa ba. Likitan ya miƙe, ya tsaya kaɗan kamar zai ƙara magana, sannan ya yi sallama ya fita. Ya bar mata buhun shinkafa da turmin atamfa a zaure. Shinkafar an ci, domin a shekarar nan ambaliya ta cinye gonar Hamani. Atamfar ta ce a ba Kubura.

Sauran mutanen duk sun je an duba su, har da matar Madekali, wadda mijinta ya kawo ta a kan jaki. Takarda ta biyu ta fita. Malam Ma'azu ya ce an aiko wa makaranta da guda, kuma a ƙasan wani shafi an rubuta cewa mace ɗaya ta ƙi a duba ta. Ya faɗa wa Safi yana zaton za ta ji daɗi. Ta ce ko ƙin nata ma sai da ya shiga.

Daga nan zuciyar Safi ta rufe ga duk abin da ya fito daga asibiti. Shekarar da ma'aikata suka zo yin lambar agana, ta aika aka kira Fatimata, ta ce kada ta kuskura ta kai jikokinta. Fatimata ta ce, "Inna, agana na kashe yara a ƙetare. Wanga ba gwaji ba ne." Safi ta ce ita ma haka aka ce mata, ɗan ƙasa ne, ba zai cuce ta ba. Suka yi musu mai zafi, Safi ta ce idan ta kai su kada ta sake taka mata gida. Fatimata ta kai su. Aka yi musu lamba, ba abin da ya same su, agana ta wuce ba ta shiga gidansu ba. Uwa da 'ya suka yi watanni ba sa magana, sai rasuwar Hamani ce ta haɗa su. Ciwon ciki ne na kwana kaɗan ya ɗauke shi. Fatimata ta kwashe uwarta ta kai ta gidan da take aure, aka ba ta ɗaki kusa da madafa. Maganar lamba ba wadda ta sake tayarwa.

Murhun banda ya mutu tun da babu mai sayo kifi. Safi ta koma zaman ɗaki, tana ɓarar gyaɗa, tana tsinkar zogale, tana sauraron gidan. Bakinta ya yi sanyi. Wanda bai san ta dā ba zai ɗauka haka aka halicce ta, mace marar magana. Lokaci lokaci sunan Likita Atiku yakan fito a rediyo, an ba shi wata kujera, ko ya tafi taro wata ƙasa. Idan yaran gidan suka yunƙura za su kashe, sai ta ce su bari, tana so ta ji inda ya kai.

A wata damina zazzaɓin cizon sauro ya kama ta. Ciwo ne da ƙwaya ke saukar da shi, kuma ɗakin shan magani yana nan bayan kasuwa. Ta ce ba ta zuwa, kuma kada a kawo mata kowa. Aka dafa mata ganye ta sha, aka yi mata turare, zazzaɓin ya ƙi sauka. Kubura, wadda ita ma ta tsufa, ta zo ta zauna bakin gado ta yi ta lallashi, Safi ta juya fuska bango. Da Fatimata ta ga jikin yana ƙara zafi, ta je ta karɓo ƙwayar a ɓoye, ta daka, ta dama cikin fura da nono mai yawa, ta sa zuma.

Ta tallafo kan uwarta ta kai mata ludayi. Safi ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta tofar a ƙasa.

"Fatimata, har ke?"

"Inna, don Allah. Ni ɗiyarki ce."

"Na sani. Ɗauke."

Daga ranar ba ta sake karɓar komai daga hannun Fatimata ba sai ruwa, shi ma sai ta ɗanɗana da bakin harshe. Ta rasu ranar wata Juma'a da hantsi, aka yi mata sutura bayan an sauko daga masallaci. Mutanen Kaoje sun zo gaisuwa cikin kwalekwale biyu. Daga Madekali ba wanda ya zo. Fatimata ta daɗe tana faɗa wa mata cewa da ta ƙara zuma kaɗan, wataƙila da ba ta ji ɗacin ba.